Dan Allah masu ɗinkin hannu ku taimaka, ganyena ya ƙi fita

Maman Haidar, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya, ya gida ya yara. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka iya ɗinkin hannu, na zare da allura nake nufi ba na keke ba. Ƙanwata za a aurar bayan babbar sallah in Allah ya kai mu, shine nace bari in yi mata wani abu na daban a cikin kayan ɗaki, rigunan filo da ɗan abin da za ta saka a firem ta rataya a falo, kuma ganye nake so zalla ba fulawa ba, don fulawa kam ta isa haka, jikin labule ita ce, jikin zanen gado ita ce, har jikin kula da kofuna.

To matsalar ita ce duk wanda na gwada baya fita. Yadin sai ya tattare a kewayen ganyen, in na goge ma baya kwanciya, shi kuma ganyen sai ya fito a dunƙule kamar ƙosai, ba tsini ba jijiya, in ba ni na faɗa ba ba wanda zai ce ganye ne. Sannan wajen tsakiya inda ɗinkin ya yi tsawo zaren yana saki, har yana maƙalewa a farce. Farin yadi ne na auduga, zaren kuma irin mai sili shidan nan ne da ake sayarwa a Ƙofar Wambai, ina zura shi yadda ya zo. Zanen a Pinterest nake ɗaukowa in kwafa da biro.

Tambaya ta biyu, in mutum ya dage ya iya, ana samun masu saye kuwa? Ko keken kwamfuta ya gama da harkar? Don gsky bana son in ta ɓata ido a banza. Na gode.

Anti Balki, Kaduna

Wa alaikumus salam Maman Haidar, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Tun daga inda kika ce kina zura zaren yadda ya zo na gano inda gizo ke saƙar. Zaren nan ko DMC ne ko Anchor ko ɗan Chana, an yi shi sili shida ne don a raba, ba don a cusa shi duka a allura ba. Na rigar filo sili biyu ya isa, jijiya sirara kuma ɗaya. Ki yanko kamar daga yatsa zuwa gwiwar hannu, kar ya wuce haka don in ya yi tsawo tun kafin ya ƙare ya gama gogewa da yadi ya yi gashi, sannan ki zaro silin ɗaya bayan ɗaya ki sake haɗa biyun, zaki ga ya fi kwanciya luf.

Tattarewar kuma abu biyu ne, yadi bai ɗame ba kuma hannunki na ja da ƙarfi. Ki fara wanke yadin tukunna sitatin ya fita, in zai tsuke ya gama tsukewarsa kafin zare ya hau. Ki nemi zoben katakon nan, wasu firem suke ce masa, ki naɗe na cikin da tsumma don ya riƙe yadi sosai, ki ɗame har in kin ƙwanƙwasa da yatsa ki ji yana amsawa. Idan kin soka allura kin jawo, zaren ya kwanta kawai ki tsaya, ba sai kin ƙara masa wani ja ba. Kuma in za ki tashi ki cire zoben, kar ki bar shi ya kwana a ciki, shatinsa na da wuyar fita.

Amma babban abin shine inda zaren ya dosa. Je ki tsinko ganyen gwaiba ki juya bayansa, jijiyoyinsa sun fito raɗau, babba ɗaya a tsakiya, ƙanana suna fita daga jikinta hagu da dama a karkace suna yin sama wajen tsini. Haka zarenki zai bi. Ina kyautata zaton ke kina tsallakawa ne daga wannan gefe zuwa wancan a miƙe, shi yasa ya dunƙule kuma tsakiyar take saki. Yadda nake yi: in zana ganyen da layinsa na tsakiya, in fara daga tsini da ɗinki ɗaya miƙe a kan layin, sai in fito da allura a bakin ganyen ta dama dab da tsinin, in soka ta ƙasa kaɗan ta hagun layin tsakiya, sai in fito a baki ta hagu in soka ta daman layin, haka dama hagu dama hagu ina gangarowa, kowane ɗinki yana ɗan hawa kan ɗan uwansa a tsakiya, jijiyar da kanta take fita ba sai kin ɗinka ta daban ba. In kin shiga YouTube ki rubuta fishbone stitch zaki ga hannun. Abin lura kawai kar karkacewar ta ɓace miki, don ana zuwa rabi hannu yake fara miƙewa ba ki sani ba, shi yasa nake ja wasu 'yan layuka da fensir a ciki suna tuna min hanya.

Wannan na matsakaicin ganye ne. In babba ne kamar na mangwaro kar ki yarda ɗinki ɗaya ya wuce santimita ɗaya da wani abu, sai dai dogo da gajere dogo da gajere, layi na biyu yana shiga cikin na farko, a nan ne ma ake sirka kala, kore mai duhu kusa da jijiya, mai haske a baki. Kore kala ɗaya tak shi ke sa aiki ya mutu. Ƙananan ganye kuwa irin zogale ko tsamiya ba sa son cike ma, ɗinkin sarƙa ƙwaya ɗaya ɗaya ya wadatar.

Biron nan kuma ki ajiye shi dan Allah, yana narkewa a wanki ya ɓata farin yadi. Fensir ko allin tela.

Bazazzagi

Salam. Hajiya ki yi haƙuri na shigo zancen mata, amma sana'ar gidanmu ce, babanmu da kakanmu duk babbar riga suka ɗinka a cikin birnin Zariya, da ita aka ciyar da mu aka sa mu makaranta. Bayanin Anti Balki ya yi, sai dai maganar zobe ban yarda wai dole bane. Mu a gidanmu ba a san shi ba, a zaure ake zama a ɗora riga a gwiwa a ɗame wajen da yatsun hagu, a yi aska takwas cikakkiya da tambarinta ba inda ya tattare. Masu hula ma ki duba na Bama da Maiduguri, a hannu suke riƙewa. Hannu ne yake koyon awon ja. Amma dai ga mai koyo ba laifi.

Abin da nake so in ƙara shine zane. A aikin riga mai zayyana daban maɗinki daban, mabugi ma daban. Mai zayyana shi zai shimfiɗa yadi ya ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da aska biyu ko aska takwas, gidan biyar, tambari, dagi, sannan a miƙa wa masu allura, kuma kuɗinsa daban ake biya don kowa ya san in zayyana ta karkace duk iyawar maɗinki ba zai miƙar da ita ba. To ke kin tsallake wannan matakin, kin ɗauko zanen wani a waya kin kwafa da ido. Ni da zaki ji tawa ki bar Pinterest ɗin nan tukunna. Yawancin ganyen da ke ciki na itatuwan Turai ne da Amurka, irin wanda ke jikin tutar Kanada da su oak, ba ki taɓa riƙe su a hannu ba, ya za a yi ki san inda suke lanƙwasa? Mutanen Kashmir da ake yabon ɗinkinsu a jikin mayafai, ganyen chinar suke ta yi, saboda itacen garinsu ne suna ganinsa kullum. Mu ma ga namu, kuka mai yatsu biyar wani lokaci har bakwai, rogo, gwanda, darbejiya, lalle, yakuwa mai jan kara. Sabon tohon mangwaro ma ba kore bane, ja ne mai ruwan ƙasa yana sheƙi, a yi wannan a farin yadi a gani.

Hanya mai sauƙi, ki tsinko ganyen ki saka cikin littafi mai nauyi ya kwana biyu ya miƙe, ki kifa shi bayansa na sama, ki ɗora farar takarda ki riƙa goga fensir a kwance a hankali, zaki ga bakinsa da jijiyoyinsa duk sun fito a takardar har da inda tsutsa ta ci. Sai ki bi da layi ki rage jijiyoyin don ba duka allura za ta iya ba, ki sa kabon ki sauke a yadi. Inda tsutsa ta cin nan ma ni bana gogewa.

Gaskiya ɗaya, ganye ba ya cikin asalin zanen babbar riga, namu na riga layuka ne da kusurwa da zagaye, da zaren tsamiya ko fari. Tsamiyar ma da yaran yanzu suke zaton sunan kala ce, siliki ne na daji, gidan wata tsutsa ce da ake samu a jikin itace a dafa da toka a kaɗa. Inda ake sakin hannu da kaloli da zane mai kama da tsiro sai a tsofaffin wanduna, buje da kamun ƙafa, da alkyabba da kayan doki. Wani Bature David Heathcote da ya koyar a ABU ya bi masu wannan aiki sosai a shekarun 1970, har aka baje kayan fasahar Hausa a Landan a 1976. Kuma aikin da a da na maza ne, daga baya matan birnin Zariya suka shige shi ka'in da na'in daga cikin gidajensu, yanzu da yawa daga rigunan da ake gani hannun mata ne. Akwai ƙungiyar mata ta Queen Amina a nan Zariya tun 1994, da zanen riga suke yin rigunan filo da jakunkuna da kayan mata ana kaiwa har Amurka. Kenan tambayarki ta biyu akwai amsa, amma ba a kowace kasuwa ba.

Abu Ammar

Jazakumullahu khairan. Ni ban iya riƙe allura ba, ƙarin bayani ne kawai ga 'yar uwa tunda ta ce za a rataya a bango. Zaɓin ganye ya yi daidai, ba shi da matsala a shari'a. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya zo wajen Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, yana tambaya, ya gargaɗe shi game da surar masu rai, sannan ya ce masa in dai dole sai ya yi to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Sai dai a kula da tsuntsaye da malam buɗe littafi da ake yawan sakawa a gefen irin wannan zane, a nan ne malamai suka yi magana. Allah ya ba da zaman lafiya.

Maman Haidar, Kano

Amin amin, wlh na ji daɗi, Allah ya saka da alheri. Anti na raba zaren na gwada a ƙyalle yanzu, bambancin a fili yake tun ban kai rabi ba. Malam Bazazzagi akwai darbejiya a ƙofar gidanmu ita nake sha'awa, amma bakinta mai zarto zarton nan ya ake fitar da shi? Kuma har yanzu ina jiran masu maganar kasuwa.

Tela na Fagge

Hajiya bari in faɗa miki tsakani da Allah tunda ni keken kwamfutar nake aiki da shi. Ganyen da zaki kwana uku kina yi, in an saka zanen a filash an ɗaura yadi, kafin in gama shan shayi keke ya gama, kuma guda ɗari za su fito iri ɗaya sak. Mai sayen kayan ɗaki a Kwari ba ruwanta da hannu ne ko inji, kala take dubawa da farashi. In da su zaki yi gasa kin faɗi tun ba a fara ba. Masu hula ma da kike gani suna wahala, wadda ta ɗinka ita ce ke samun kaɗan, dillali da mai wanki da mai shago su ne da riba.

Amma akwai abin da bamu iya ba. Keke yana cika zare dam ya yi tauri, dole mu saka takardar nan ta baya don ya riƙe, in an kwanta a kai ana ji a kumatu. Kuma ba mai zuwa ya zauna ya tsara zane a kwamfuta saboda filo biyu kacal, kuɗin tsarawar ya fi na aikin. To nan ne wajenki, mai son abu ɗaya da ba kowa ke da shi ba, da sunan amarya ko na jariri a ciki. Ki lissafa awannin da kika zauna ki sa musu kuɗi, kar ki ce wai zare da yadi kawai zaki cire, nan ne mata suke cutar kansu. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki soka allura.

'Yar Tawa

Sallama gare ku. Mu nan Nijar ma haka zancen yake, masu keken buroderi sun cika gari, amma bazan, wato shadda, da anka yi ma aikin hannu har gobe kuɗinshi daban ne. Ni abin da nike so in ja kunnenki gare shi zuba ne. Kore mai duhu da ja su ne mugaye in zaren mai arha ne, kina gama wahala ki sa a ruwa ki ga kala ta bi farin yadi, babu gyara. Kafin ki fara ki yanki guntu ki jiƙa, ki matse shi cikin farin ƙyalle ki bari ya ɗan jima, in ya bar shaida to ki jiƙa ƙullin duka ki ɗauraye har ruwa ya fita fari, ko ki sake wani. Zaren silikin nan mai walƙiya kuma yana da kyau a ido amma santsi gare shi, yana warwarewa, mai koyo ta bar shi sai gaba.

Iyayenmu fa sun yi wanga aiki, ba sabon abu ba ne. Wa ya tuna zanen gado da rigunan filo da marfin rediyo da anka yi ma fulawa da ganye da zaren ulu, a rubuta barka da zuwa a tsakiya, a jera su tare da kwalla da samira? Innata a makaranta ta koyo, lokacin ana koya ma 'yan mata ɗinki a aji. Kayan Chana ne sunka zo sunka kore shi. Yanzu kuma ga shi 'yan gayu na nema.

Anti Balki, Kaduna

Malam Bazazzagi ban ƙi taku ba, amma ku tuna ɗinkin riga yawanci gajeru ne, sarƙa da 'yan idanu da cike ƙanana, kuma shadda da saƙi suna da jiki. Ita dogon ɗinki take shimfiɗawa a yadi mai laushi, in ba zobe wlh sai ya tattare ko hannun wa ne. Maganar goga fensir a kan ganye kuma na karɓa, ni ma zan gwada da na kuka in damina ta sauka ta yi toho.

Maman Haidar darbejiya kin zaɓo mai ɗan wuya amma tana da kyau. Ki lura ba ganye ɗaya bane, kara ne dogo da 'yan ganye jere hagu da dama, kuma kowane ɗaya a lanƙwashe yake, jijiyar ba a tsakiya take cif ba, gefe ɗaya ya fi faɗi musamman wajen gindi. In kika daidaita su biyun to ba darbejiya bace kuma. Ki fara da karan, ɗinki a karkace kowanne yana farawa daga rabin na baya, sili biyu. Zarton kuma ba wani ɗinki na musamman bane, wannan dai na dama hagun ne, kawai wajen fitowa a baki sai ki sa ɗaya ya zarce layi kaɗan, biyu na bayansa su koma ciki, na gaba ya sake zarcewa, kuma haƙoran duk su kalli tsini kar su kalli gefe. Kar ki kewaye bakin da wani layi daga baya, yana kashe zarton. Ki sa biyu ko uku a ƙasa su zama ruwan ɗorawa irin waɗanda suka kusa faɗuwa.

Na filo kar ki yi ƙulli a baya, ki cusa wutsiyar zaren ƙarƙashin ɗinkin da kika riga kika yi, kuma kar ki tsallaka da koren zare daga wannan ganye zuwa wancan ta baya, ana hango shi ta cikin farin yadi. Zanen ma ki kai shi gefe ko kusurwa ba tsakiya inda kai ke kwanciya ba, man gashi zai gama da shi. In kin gama ki wanke da ruwan sanyi da hannu ban da murza, ki shimfiɗa tawul ki kifa aikin a kai ki goge ta baya tun yana da ɗan danshi, in kika goge ta gaba ganyen zai lotse ya yi ƙyalli. Na bangon in za a sa gilashi ki ce wa mai firem ya bar 'yar tazara kar gilashin ya danne zaren.

Maman Haidar, Kano

To Anti na gode sosai. Allurar fa, ta ɗinkin kaya da nake da ita ta yi ko akwai ta musamman?

Anti Balki, Kaduna

Akwai, mai dogon ido da tsini, ki ce a baki ta surfani lamba 7 ko 8, ita ke ɗaukar sili biyu ba tare da ta yaga yadi ba. In sili ɗaya ne 9 ko 10. Ki sayi fakiti don ɓacewa suke a katifa.